Filin Tambayoyinku: Jan Biro a Babi na Huɗu

Kusan rabin wasiƙun da suka zo mini a wannan watan kuka ɗaya suke yi, jadawali da zane. Ban yi mamaki ba, lokacin miƙa kundi ne. Na tsamo bakwai, na datse wasu saboda ƙarancin fili. Wanda bai ga tasa ba ya karanta a tsanake, wataƙila amsarsa tana cikin ta wani.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a fannin ilimi. Na kai wa malamin da ke duba aikina babi na huɗu, ya dawo mini da shi, kowane jadawali ya zagaye shi da jan biro ya rubuta "a gyara", bai ce ga abin da za a gyara ba. Ni kuwa kai tsaye na kwafo su daga manhajar ƙididdiga ta SPSS, ko lamba ɗaya ban taɓa ba. Ina laifina? Ga shafi biyu na haɗo maka ka gani.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ai kin faɗi laifin da bakinki, "ko lamba ɗaya ban taɓa ba". Abin da SPSS ke fitarwa ke yake yi wa bayani, ke da kika shigar da alƙaluman kika san me kowane suna ke nufi. Mai karatu bai zauna da ke a gaban kwamfutar ba.

Ga shafinki na farko a gabana. A ginshiƙin hagu an jera Q1, Q2, har Q9, a ƙasansu kuma wani abu wai VAR00012. Mene ne Q7? Sai na koma ƙarshen kundi, na lalubo takardar tambayoyi a rataye, na ƙirga zuwa ta bakwai, na dawo. Ni da ke son taimakonki na yi, amma mai jarrabawa na waje da ke da kundi shida a kan teburinsa ba zai yi ba. Zan gaya miki wani abu da ba a cika gaya wa ɗalibai ba: da yawa daga cikinmu in aka ba mu kundi, bayan mun karanta tsakure, jadawalai muke fara buɗewa kafin mu karanta babi ko ɗaya. Don haka jadawalinki shi kaɗai zai tsaya a gaban baƙo, ba ke, ba sakin layin da ke bayaninsa. Gwajin da nake ba ɗalibaina ke nan: ki buga jadawalin shi kaɗai a takarda, ki miƙa wa ƙawarki da ba ta san aikin ba, ki tambaye ta su wa aka ƙirga, su nawa ne, me aka auna, da wane ma'auni. Duk inda ta yi shiru, nan jan biron malaminki ya dosa.

Sai lambobi. Kin rubuta matsakaicin amsa 3.41667, alhali ma'aunin naki daga 1 zuwa 5 ne, mutum ya zaɓi "na yarda" ko "ban yarda ba". Lamba biyar bayan ɗigo da'awa ce cewa kin auna ra'ayin ɗan Adam har zuwa kashi ɗaya cikin dubu ɗari. Ko ma'aunin ɗakin gwaji sai ya yi da gaske. Rubuta 3.42 ki huta. Kuma in kika zaɓi lamba biyu bayan ɗigo, duk ginshiƙin ya tafi a haka, 3.42, 2.90, 4.00, kada wata ta zo 2.9 wata 4 tsirara. Ki sa ɗigon kowace lamba ya sauka daidai ƙarƙashin na samanta, ta haka ido ke gane babba da ƙarama tun kafin ya karanta. Lambobin da aka tara a tsakiyar gurbi, 7.5 a kan 112.25, sai an tsaya an ƙirga.

A shafi na biyu akwai .000 a ginshiƙin ƙarshe har sau uku. Wannan ba sifili ba ne, manhajar ce ta datse lambar a gurbi na uku saboda ƙanƙantarta. Darajar p ce, lambar da ake dubawa a ga ko sakamakon zai iya zama dace ne kawai, kuma ba ta zama sifili cif. Abin da ake rubutawa shi ne p < .001. In kin lura ban sa sifili kafin ɗigon ba, ƙa'idar APA ce, wato tsarin rubutun bincike na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka: lambar da ba za ta taɓa wuce 1 ba, kamar p ko ma'aunin dangantaka r, ba a sa mata sifili a gaba, wadda za ta iya wucewa kuma ana sa mata, 0.75.

Akwai ginshiƙin da ke tara kashi cikin ɗari sahu bayan sahu, kin bar shi a jadawalin jinsi. Maza kashi kaza, sannan maza haɗe da mata kashi 100. To, da nawa za su kasance? Tarawa tana da ma'ana inda akwai hawa-hawa, kamar shekaru ko matakin karatu. A nan goge shi. Kuma duk inda kika ba da kashi cikin ɗari ki ajiye ainihin adadin a gefensa. Kashi 58.3 yana da kwarjini a takarda, amma in mutum 7 ne cikin 12, mai karatu yana da hakkin ya sani. In jimilla ta ba ki 99.9, kamar yadda 33.3 sau uku ke bayarwa, kada ki ƙara wa wani sahu don ta cika ɗari. Ki rubuta a ƙasan jadawalin cewa datse lambobi ne ya jawo. Na taɓa kama ɗalibin da ya "cike" irin wannan giɓi, daga nan na daina yarda da sauran lambobinsa, kuma da wuya ya dawo da ni.

Gurbin da babu komai a cikinsa shi ma magana ce. Ba a samu kowa ba ne, wato sifili, ko ba a yi tambayar ba ne, ko amsar ta ɓata? Uku ne daban-daban. In sifili ne rubuta 0. In babu bayanin ne ja ɗan karan layi, ki faɗi ma'anarsa a ƙasa.

Layuka kuma, naki jadawalin kamar keji, kowace lamba a ɗakinta. A tsarin APA babu layin tsaye ko ɗaya. Na kwance ma kaɗan ne: ɗaya a sama, ɗaya a ƙarƙashin kawunan ginshiƙai, ɗaya a ƙasa, sai in akwai jimilla a ja mata nata. Sarari ne ke raba ginshiƙai. Da farko za ki ga kamar jadawalin ya yi tsirara, ki daure, bayan kwana biyu tsohon ne zai riƙa yi miki nauyi a ido.

Abu na ƙarshe ba a cikin jadawalin yake ba, a ƙarƙashinsa yake. Kin sake karanto mana kowace lamba cikin jimloli, sahu na ɗaya kaza, sahu na biyu kaza, shafi guda cur. Mun riga mun gani. Abin da muke jira daga gare ki shi ne me ya kamata mu lura da shi: wace tambaya ce ta fi raba kan malamai, ina maza da mata suka sha bamban, wace lamba ce ta ba ki mamaki. Jimla uku ko huɗu sun isa. Game da malaminki kuwa, ban goyi bayan "a gyara" ba tare da bayani ba, amma in kin gyara guda ɗaya kin kai masa, ki ce "Malam, haka ake so?", za ki ga bakinsa ya buɗe.

Tambaya: Malam, gardama muke yi da abokina. Ni na ce taken jadawali a sama yake, na zane a ƙasa. Shi ya ce duk a sama ne. Wa ya yi daidai?

Amsa: Ku duka kun yi daidai, kowa littafin da ya riƙe daban. Abin da ka faɗa shi ne tsohuwar al'adar da yawancin tsare-tsare ke bi har yau. A tsarin IEEE na injiniyoyi, taken jadawali a sama ne da lambar Rumawa, I, II, III, na zane kuma a ƙasa da lambar da muka saba. MLA, tsarin masu nazarin harshe da adabi, shi ma jadawali sama, zane ƙasa. APA ita ma haka take har bugu na shida. Da bugu na bakwai ya fito a 2019 sai aka mayar da na zane sama, ya zama duka biyun iri ɗaya: lamba da baƙin rubutu mai kauri, a ƙasanta take da rubutun gicciye, sannan jadawalin ko zanen, sannan ƙarin bayani a ƙasa. Abokinka ya karanta sabon ke nan.

Amma kafin duk waɗannan akwai littafin ƙa'idar makarantarku, ko shafin umarni ga marubuta na mujallar da za ku aika wa. Shi ne alƙali, ko da ya saɓa wa APA. In ka je gari ka tarar kowa da jela, nemi taka ka ɗaura. Abin da ba a yafewa shi ne babi na uku ya bi wannan, na huɗu ya bi wancan.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni malamin kwaleji ne, ina rubuta maƙalata ta farko da zan aika mujalla. Na yi zane tara masu siffar faifai, kowanne da launuka, har da inuwa kamar za ka ɗauka da hannu. Wani abokin aiki ya ce in cire su. Ni kuma gani nake su ne adon aikin. Kuma yaushe ne ake yin zane, yaushe ake yin jadawali?

Amsa: Ɗan'uwa, ka riƙe wannan abokin da kyau. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Zanen faifai ba sabon abu ba ne, wani ɗan Sikotlan mai suna William Playfair ne ya fito da shi a 1801, shi ne kuma ya fito da zanen sanduna a 1786. Sandunan sun fi amfani, kuma ba ra'ayina ba ne kawai. A 1984 William Cleveland da Robert McGill sun gwada yadda mutane ke karanta zane, suka tarar ido ya fi iya kwatanta abubuwan da suka tashi daga tushe ɗaya a kan ma'auni ɗaya, ya fi yin kuskure in aka ba shi kusurwa ko faɗi. Gwada da kanka: yanka faifai gida biyar, kashi 23, 21, 20, 19, 17, ka cire lambobin, ka ce wani ya jera maka su daga babba zuwa ƙarami. Zai sha wuya. Mayar da su sanduna, ko yaro zai jera. In kuma aka kwantar da faifan aka yi masa kauri da inuwa, yankin da ke gaba sai ya kumbura, na baya ya tsuke, kashi 17 ya zo ya fi 23 girma a ido. Ka ga ado ya koma ƙarya ba da niyyarka ba. Ban haramta faifai gaba ɗaya ba, in gida biyu ne ko uku kuma bambancin a fili yake, ba laifi. Sai dai in gida biyu ne, jimla ɗaya ma ta wadatar, ba sai ka ci rabin shafi ba.

Rabon aikin kuwa haka nake yinsa. In mai karatu zai buƙaci ainihin lambar, ya kwafa ko ya sake lissafi da ita, jadawali. In siffa nake so ya gani, hawa da sauka cikin shekaru, ko yadda abu biyu ke tafiya tare, zane. In lambobin ba su wuce uku ko huɗu ba, jimla. Bayani ɗaya kuma ba a kawo shi sau biyu, jadawali sannan zanensa a ƙasa, yawancin mujallu za su ce ka zaɓi ɗaya.

Kada ka ɗauka ina raina zane. A 1973 wani masanin ƙididdiga, Francis Anscombe, ya tsara rukunin lambobi huɗu, kowanne mai ɗigo 11. Matsakaicin x a dukkansu 9 ne, na y 7.5, dangantakarsu kusan .82, layin da ya ratsa su ma ɗaya ne. A jadawalin taƙaitawa tagwaye ne guda huɗu. Da aka zana su, na farko ɗigo ne a warwatse gefen layi, na biyu baka ne lanƙwasasshe, na uku miƙaƙƙen layi ne da ɗigo ɗaya da ya balle, na huɗu kuma duk ɗigon a tsaye suke wuri ɗaya in ban da guda da ya yi nisa, shi kaɗai ya haifar da dangantakar. Gani ya kori ji. Shi ya sa nake cewa ka zana bayananka tun kafin ka fara lissafi, ko da zanen ba zai shiga maƙalar ba.

Waɗanda za su shiga kuma, kowane gefe na zanen ya faɗi abin da yake aunawa da ma'auninsa, kilogiram ne, shekara ce, kashi cikin ɗari ne. Sanduna su tashi daga sifili, domin tsawonsu ne saƙon. Sandar 52 da ta 50 in aka fara ma'auni daga 49, ɗaya za ta ninka ɗaya sau uku. Zanen layi ana iya sassauta masa wannan. In ka sa 'yan gashin nan da ke kan sanduna masu nuna giɓin kuskure, faɗi ko mene ne su, SD ne (yadda lambobi suka bazu daga matsakaici), SE ne (giɓin kuskuren matsakaicin kansa), ko tazarar amincewa ta kashi 95. SE ana samunsa ne in aka raba SD da tushen murabba'in adadin samfur, don haka in samfurin 25 ne, gashin SE ya fi na SD gajarta sau biyar. Wanda bai faɗa ba ya bar mai karatu cikin duhu.

Launi ma a yi hattara. A cikin mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, kusan namiji ɗaya cikin 12 ba ya bambance ja da kore da kyau, mata kuma kusan ɗaya cikin 200. Mujallarka kowa zai karanta ta, wataƙila har mai tantance maƙalar yana cikinsu. Shuɗi da ruwan lemo sun fi aminci. Ni dai gwajina mai sauƙi ne, ina buga zanen da baƙi da fari. In layukan suka haɗe, sai in sa wa ɗaya ɗigo-ɗigo, ɗaya tsinke-tsinke, in rubuta sunan kowanne a gefensa maimakon akwatin fassara can a kusurwa.

Tambaya: Malam, mujalla ta karɓi maƙalata amma sun dawo da hotuna uku, wai ingancinsu bai kai ba, suna son dpi 300. A kwamfutata kuwa tar suke. Na buɗe su na canza lambar zuwa 300 na mayar, sun sake dawowa da su.

Amsa: Barka da karɓuwa tukuna, mai wuyar ta wuce. Abin da ka yi kamar ƙara wa tulu suna ne ba ka ƙara ruwa ba. Hoto tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, dpi kuma yawan ɗigon da za su zauna a inci ɗaya in an buga. Lissafin ninkawa ne kawai. A mujalla mai ginshiƙi biyu irin na IEEE, faɗin ginshiƙi inci 3.5 ne. Ninka da 300, kana buƙatar fiksel 1050 a faɗi. In hoton zai ratsa shafin duka, wajen inci 7, kana buƙatar sama da 2100. Danna hotonka ka duba bayanansa. In ka ga 600, to 600 ne, ko wace lamba ka rubuta masa. In ka tilasta wa manhaja ta ƙara, ƙirƙiro ɗigo za ta yi ta hanyar kintace, hoton ya yi girma ya yi hazo. Fuskar kwamfuta tana rufa wa ƙaramin hoto asiri, takarda ba ta rufawa.

Ina kyautata zaton ɗaukar hoton fuskar kwamfuta ka yi, ko ka ciro su daga cikin Word, wanda ke matse hotuna in ba a hana shi ba, ko kuma wani ya turo maka ta WhatsApp, shi ma yana matsewa sai in an tura a matsayin fayil. Koma tushe. In hoton kyamara ne ko na madubin ɗakin gwaji, nemo na asali ka adana shi a TIFF. In zanen lissafi ne, mai layuka da rubutu, koma manhajar da ta yi shi ka fitar da shi a PDF ko EPS. Waɗannan ba ɗigo suke ajiyewa ba, umarnin zanen suke ajiyewa, ko allon talla za a buga layin ba zai fashe ba. In dole sai da ɗigo, zanen layi ya fi hoto buƙata, kamfanin buga mujallu na Elsevier alal misali dpi 1000 yake nema masa, 500 ga wanda ya haɗa hoto da rubutu. JPEG kuwa ka nisanta shi da zanen layi, yana barin datti a gefen haruffa, kuma duk sanda ka sake adanawa sai ya ƙara lalacewa.

Kafin ka mayar, rage zanen zuwa ainihin faɗin ginshiƙi ka buga ka gani. Rubutun da ke da kyau a cikakken shafi yakan koma kamar ƙwan tururuwa. APA ta ce rubutun cikin zane kada ya gaza lamba 8, kada ya wuce 14.

Tambaya: Malam, na ƙara jadawali biyu a tsakiyar babi, yanzu duk lambobin sun rikice, inda na ce "duba Jadawali na 9" ya koma na 11. Jadawali 34 gare ni. Akwai dabara ko sai na bi ɗaya bayan ɗaya?

Amsa: Ɗana, ka taɓo mini tsohon miki. A nawa kundin, ana saura kwana biyu in miƙa na cusa jadawali ɗaya a babi na huɗu, na gyara lambobin da ke kan jadawalan, na manta da waɗanda ke cikin rubutu. Ranar kare kundi mai jarrabawa ya ce, "Ka ce Jadawali na 14 ya nuna bambanci tsakanin rukunin biyu, mu gani." Muka buɗe, sai ga shekarun waɗanda suka amsa tambayoyi. Ya cire tabarau ya dube ni, bai ce komai ba. Har yau in na tuna sai na ji zufa a bayana.

A wancan lokacin ina da uzuri, kai ba ka da shi. A Word, ƙarƙashin References, akwai Insert Caption. Da shi za ka sa wa kowane jadawali lamba, kada ka buga da hannu. In za ka ambace shi a rubutu, yi amfani da Cross-reference. Daga nan ko goma ka cusa a tsakiya, ka danna Ctrl da A, sannan F9, duk lambobin su daidaita kansu. Jerin jadawalan da ake sawa a farkon kundi ma Insert Table of Figures zai haɗa maka har da lambar shafi. Yinin yau zai tafi wajen mayar da 34 ɗin nan kan wannan tsari, ka ba shi, domin bayan kare kundi za a sake ce maka ƙara wannan cire wancan. Masu amfani da manhajar tsara rubutu ta LaTeX kuma su tuna alamar label bayan caption take zuwa, in ta riga shi lambar sashe za ta ɗauko.

Kuma ka daina rubuta "jadawalin da ke sama" ko "zanen da ke shafi na gaba". Mai tsara shafi zai matsar da shi inda ya samu wuri. Kira shi da lambarsa, kuma kowane jadawali a ambace shi a rubutu kafin ya bayyana, bi da bi.

Tambaya: Na ga wani zane mai kyau a wata maƙala, na saka a tawa na rubuta sunan marubucin a ƙasa. Ya isa?

Amsa: Ya fitar da ke daga satar fasaha, bai fitar da ke daga hakkin mallaka ba. Abu biyu ne. Duba lasisin maƙalar. In CC BY ne, wato lasisin da ke ba kowa damar sake amfani da aikin, ambaton mai shi da lasisin ya isa, in kin canza wani abu ki faɗa. In ba haka ba ne, sau da yawa hakkin yana hannun kamfanin da ya buga ne, ba marubucin ba, kuma manyan kamfanoni suna da maɓallin neman izini a shafin maƙalar. Wannan ya shafi har naki zanen da kika riga kika buga a wata mujalla, in kin sa hannu kin miƙa musu hakkin. A ƙasan zanen ki bambance "an ɗauko daga" da "an gyara daga". Amma ki tambayi kanki ko kina buƙatarsa, kayan aro ba ya rufe katara.

Tambaya: Malam, ina aiki a ɗakin gwaji. Hoton sakamakona ya yi duhu, akwai kuma wani tabo a gefe da ba ruwansa da gwajin. Laifi ne in haskaka shi in goge tabon?

Amsa: Haskakawa halal ce da sharaɗi biyu: ta shafi hoton gaba ɗaya daidai wa daida, har da samfurin da ake kwatantawa da shi, kuma kada ta ɓatar da wani abu da ke cikin na asali. Goge tabo kuwa a'a, ko da ka rantse ba ruwansa da gwajin. Wannan hukuncin mai karatu ne, ba naka ba. Bar shi, in ya dame ka yi bayaninsa a ƙasa, in kuma ya ɓata hoton sake gwajin. Haka in ka yanko sassa biyu daga wurare daban ka haɗa, ja layi a tsakaninsu a fili ka faɗa.

Kada ka ce wa zai gani. Mujallar Journal of Cell Biology ta fara binciken hotunan maƙalun da ta karɓa tun 2002. A 2016 Elisabeth Bik da abokan aikinta sun duba maƙala 20,621 daga mujallu 40, suka samu hotunan da aka maimaita ta hanyar da ba ta dace ba a kusan kashi 4 cikin ɗari. Da ido ta yi wannan aikin, yanzu kuwa manhajoji ne ke tankaɗe wa mujallu hotuna. Wasu daga cikin waɗancan kuskure ne tsantsa, mutum ya ɗauko fayil ɗin da ba shi ba saboda duk sunansu "hoto1", "hoto1sabo", "hoto1nagaske". Amma ranar da edita ya rubuto yana tambaya, shekara biyar bayan bugawa, abin da zai nema shi ne hoton asali wanda ba a taɓa ba. Ajiye shi a wuri biyu, da kwanan wata da lambar samfur a sunansa, gyaran kuma ka yi shi a kan kwafi.

Mai tambaya kan jadawalin da ya ƙi shiga shafi ɗaya, wasiƙarki ta zo bayan na rufe fili, amma amsar gajera ce: zaɓi sahun farko ki danna Repeat Header Rows don kawunan ginshiƙai su bi ki shafi na biyu, kada ki matse rubutun har ya gagari karatu. In ya haura shafi biyu, mayar da shi rataye, ki bar mana sahu biyar ɗin da kika yi magana a kansu.